Maɓalli na Huɗu

…kuma duk benen nan, hawa biyar cike da mutane, a rasa wanda zai miƙe sai ita? Sai jikarta Warwara? Kaka tana jin ƙarar kujerar roba a bayanta, tana jin takun da ta sani tun mai shi tana tatata. Zauna, 'yar nan. Zauna mana, ki rufa mana asiri. A ciki take faɗa.

Malama mai ritaya ce ya kamata ta yi maganar nan. Kwana shida tana rubutu, shafi uku, ta karanta musu har sau biyu, Uwar Tagwaye har da share ƙwalla. To, da sassafe naƙuda ta kama 'yarta, ta kwashi jaka ta yi asibiti, takardar kuwa tana cikin jakar. Takarda tana can tana jiran haihuwa, su suna nan a farfajiya suna jiran a ƙwace musu ɗaki.

Ɗakin ɗinki. Ɗaki ɗaya tak a ƙasan bene, taga ɗaya, kekuna huɗu, mata tara, shekara goma sha ɗaya. Yanzu masu babura sun ce su ma mazauna ne, nan suke so su riƙa ajiye baburansu. Yau mako guda ke nan da aka sa masa kwaɗo, wai kafin a yanke shawara. Makanike na hawa na biyu ya gama nasa bayanin, daga takarda, tsaf-tsaf, har an tafa masa. Sai Shugaban kwamiti ya dubi agogo ya ce, "Ɓangaren mata, minti uku. In babu mai magana sai a ɗaga hannu a wuce wurin."

Mata tara. Bakuna tara da in suna cikin ɗakin can za su iya feɗe mutum daga hula har takalmi kafin a gama kalmasa ɗaya… yau takwas ɗin da ke nan duk sun zama bebaye. Har da ita, Kaka, mai bakin da jikoki ke gudu. Ina bakin yake? Ya bi takarda asibiti?

Ga ta nan ta zo gaba. Ko gida ba ta shiga ba, daga kantin magani take, farar rigar aiki a jikinta. Ko karyawa ba ta yi ba, Kaka ta sani, kofin shayinta yana can a kan tebur ya yi sanyi. Fuskar… fuskar ba ta fita sosai daga nan, rana ce ta yi yawa a farfajiyar nan, kullum sai an faɗa musu su sa rumfa. Amma farar riga ana ganinta. Doguwa, siririya, kafaɗa ɗaya ta ɗan karkace kamar ta kakanta.

Ka gani, Direba? Jikarka ce. Jininka ne za a sa ya yi magana cikin minti uku.

Allah ya jiƙan Direba, mijinta. Shekara talatin yana tuƙa bas bai taɓa ɓatan hanya ba, amma in ya ɗauko labari — kowace tasha sai ya tsaya ya ɗauki fasinja. Daga maganar taya sai a koma kan mai facin, daga mai facin sai surukinsa, daga surukin sai wani ruwan sama da aka yi tun ba a haife ta ba. Har ya bar duniya bai kai mata ƙarshen labarin ranar da ya fara ganinta ba. Sau nawa ya fara? Kullum sai ya tsaya a kan launin motar da yake ciki.

Ita ma haka ta zo. 'Yar shekara bakwai, ta shigo daga makaranta a guje, jaka a buɗe, tana haki: Kaka, yau malamin nan, ba shi ba, ɗayan, mai takalmin nan, ai ƙanwarsa ce, wato kyanwa ce ta fara shigowa, a'a, kafin kyanwar… Kamar ka kama bakin zaren saƙa ka ja. Ba kai, ba gindi. Kaka ce ta laƙaba mata sunan, wa kuma? Warwara. Ya bi ta har makarantar gaba, har kantin magani. Da ta san zai manne haka…

Shiru. Me ya sa ta yi shiru? Ta tsaya a gaban mutane ba ta ce komai ba. Ɗaya… biyu… wani yana tari. Shugaba yana gyara zama. Ya tafi, minti ɗaya ya tafi a banza, ta daskare, za su yi mata dariya, gobe a matakala kowa zai —

A'a. Tsaya tukuna.

Hannu. Hannun dama ya sauka. Baƙin hannu a kan farar riga, wannan kam ko makaho ya gani. Ya sauka can ƙasa, wajen cinya, ya kama wani abu ya riƙe.

Maɓallin ƙasa.

Ja'ira. Ashe tana riƙe da shi.

Ranar nan ce, ranar kyanwar. Rigar makaranta a karkace, wuya ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta ɓalla na farko a ramin na biyu. Kaka kuwa ta dawo daga masana'anta, yatsu duk sun yi kanta. Shekara ashirin da takwas a teburin ƙarshe, teburin maɓalli, riga ɗari-ɗari suna wucewa ta hannunta, mai duba aiki bai taɓa dawo mata da ko guda ba. Mai Maɓalli, haka ake kiranta har bakin ƙofa. Ta kamo yarinya ta tsayar tsakanin gwiwoyinta. Yi shiru. Ɓalle duka. Yanzu fara daga ƙasa, daga inda bakin riga ya haɗu, nan ba a kuskure. Maɓalli ɗaya, magana ɗaya. Kada ki taɓa na biyu sai na farko ya shiga raminsa. To, mene ne ya fara faruwa? Kyanwa ta shigo aji. Ɓalla. Sai me? Malam ya hau tebur. Ɓalla. Da suka kai wuya labari ya ƙare, riga ta miƙe, suka yi ta dariya har Direba ya leƙo yana tambaya, aka ce masa kai kam rigarka sai an yi mata maɓalli hamsin.

Wasa ne fa. Dabara ce ta gajiyayyiyar mace mai son ta huta. Wa ya ce ta ɗauke shi ta tafi da shi shekara goma sha takwas?

"Makanike ya yi gaskiya."

Me? Da wannan za ta fara? Uwar Tagwaye ta zunguri Kaka da gwiwar hannu, ƙasa-ƙasa: "Jikar taki tamu ce ko tasu?"

"An sace babura biyu a bana. Wanda aka sace wa abin neman abincinsa ba a ce masa ya yi haƙuri kawai. Babura suna buƙatar wuri. Ba wannan muke musu a kai ba. Tambayar ɗaya ce: wane wuri."

Murya a kwance. Ba rawa, ba gudu. Ba ta ce ku yi haƙuri ban shirya ba, ba ta ce ni ba gwanar magana ba ce, irin abin da mata ke fara zubarwa kafin su ce komai. Ta shimfiɗa yadin, ta daidaita bakinsa da bakinsa. Masu babura da suka zo da shirin faɗa sun rasa abin kamawa, ana jin kujerunsu sun daina motsi. Wayo… wannan ba daga Direba ta samo ba. Wannan na ɓangaren Kaka ne, a faɗi gaskiya.

Hannu ya hau. Na biyu.

Mata tara, in ji ta. Shida daga ciki gwiwa ba ta barinsu hawa da sauka fiye da sau ɗaya a yini, in sun sauko nan ne wurin zamansu. Rigunan makarantar yaran benen nan, wa yake yi musu faci? Tagar ɗakin tana kallon ƙofar shiga, babu baƙon da zai wuce ba a tambaye shi wurin wa ya zo ba. Baburan nan biyu, duk ran Lahadi aka ɗauke su. Ran Lahadi ɗakin a rufe yake.

Haka ne kuwa. Lahadi. Shekara guda suna zaune da wannan magana a bakinsu babu wadda ta lura, har Malama mai shafi uku. Yaushe ta haɗa wannan? Yanzu, a tsaye? Tsakanin kujera da gaban taro, taku goma?

Wayar wani tana kuka. Yaro yana tsala ihu a hawa na uku. Ba ta juya ba. Da can ƙuda ma in ya wuce sai ya tafi da rabin labarinta.

"…kamar ranar da mai kawo gas ya shigo da wani mutum, Uwar Tagwaye ta tare shi, ashe mutumin ƙanin matar —"

Wayyo. Ga ta nan. Tasha. Direba, ka sake ta, ka sake min yarinya, kada ka sa ta ɗauki fasinja yanzu. Ƙanin matar wa? Daga nan sai matar, daga matar sai bikinta, minti uku ya ƙone…

Hannun bai motsa ba. Yana nan a na biyu, ya damƙe. Numfashi ɗaya.

"Wannan labarin sai wata rana. Abin da nake cewa, tagar nan gadi ce."

Ɓalla.

Yarinyar ta ga zaren ya fito, ta gan shi sarai, har ya yi mata daɗi a baki — ta datse shi da kanta. Wannan shi ne abin da Direba bai taɓa iyawa ba. Shi ma yana ganin hanya fa, tsayawar ce ke masa daɗi. Kai, da kana nan… da ka ce a bari ta ƙarasa, kana son jin ƙanin matar wa.

Na uku. Wajen ƙirji.

Bayan bene, in ji ta, gefen tankin ruwa, inda aka jibge karyayyun kujeru da tsohon firij. A kwashe. A kafa ƙarfe, a ɗora kwano, a sa sarƙa. Babur takwas zai shiga, ita da take bi ta nan kullum ta sani. In aka fasa ƙaramar taga a bangon bayan ɗakin ɗinki kuma, to —

"Ke mai sayar da magani ce ko magina?" Makanike ne. "Gobe kuma ki zo ki koya min ɗaure noti."

Dariya. Ta maza, mai kauri. Kunnen Kaka ya yi zafi. Ɗan banza, wandon da ke jikinsa ma ita ta rage masa tsawo. Da ita ce da yanzu ta wanke shi tas, ta tuno masa da uwarsa da ranar da ya zo aron allura… kuma da shi ke nan, an koma cacar baki, Shugaba ya ce lokaci ya cika. Abin da yake so ke nan. Ya jefa mata ƙugiya ne.

Ta bari dariyar ta sauka. Ba ta yi sauri ba. Hannu a na uku.

"Noti naka ne, Makanike, shi ya sa kai za ka kafa ƙarfen. In aka fasa ƙaramar taga a bangon baya, to baburanku suna da masu gadi tara da ba sa gyangyaɗi sai bayan azahar."

Daidai inda ta ajiye. Kalmar da ta tsaya a kai, nan ta dawo ta ɗauka, kamar allurar da aka soke a yadi aka je aka sha ruwa. Yanzu dariyar ta kowa ce, har da mata, har da shi, ana jin muryarsa a ciki. Kaka tana so ta juya ta ce wa na baya, jikata ce, ni na raine ta, ni na koya mata. Ba ta juya ba. Ba a yabon ɗinki kafin a ƙulla zare.

"Saura rabin minti," in ji Shugaba.

To ƙulla, 'yar nan. Ya isa haka. Uku sun isa, kin yi abin da shafi uku bai yi ba, ce na gama ki zo ki zauna. Rigar maɓalli huɗu gare ta, amma ba dole ba ne sai…

Hannu ya hau wuya.

Na huɗun. Wannan ai Kaka ta san shi, ita ta ɗinka shi ran Talata. Ya fita, yarinya tana neman fil za ta maƙala, Kaka ta ce a gidan Mai Maɓalli? Kawo nan. A sama, bakin taga, ita kaɗai, tunda ɗaki a kulle yake. Ta ɗauko allura daga 'yar matashiyar allurai da ta hawo da ita, da zarenta a ciki, fari. Soka shida, naɗi uku a wuya, ƙulli biyu. Riƙe, har ki tsufa ba zai fita ba. Yarinya ta karɓa, ta daɗe tana dubawa, ta ce na gode Kaka, ta saka ta tafi aiki. Me za ta ce a kan wannan?

Ta juyo. Farar rigar ta juyo wajen Kaka. Tana kallonta ne? Akwai wani abu a fuskar, tambaya ce ko mene ne… ranar nan ta yi yawa.

"Wannan maɓallin kakata ta ɗinka min ran Talata, a sama, ita kaɗai. Ku duba ɗinkin. Ko da filaya Makanike ba zai cire shi ba. Sannan ku duba zaren."

Me ke damun zaren?

"Ruwan hoda ne. A farar riga."

Ƙarya. Fari ne. Ita da ta riƙe shi a hannu, ita da ta ɗaga shi wajen haske… fari ne, kamar… Rigar jaririyar hawa na huɗu. Ruwan hoda. Ita ce aikin ƙarshe kafin a sa kwaɗo. Allurar da ta rage a matashiya.

Kwana biyar. Kwana biyar tana tsaye a bayan kanta, gaban masu sayen magani, gaban mai kantin, da ruwan hoda a maƙogwaro. Ba ta warware ba. Ba ta ce uffan ba. Warwara, wadda ba ta iya riƙe magana daga ƙofa zuwa tsakar ɗaki.

"Shekara ashirin da takwas tana aikin maɓalli ba a taɓa dawo mata da riga ba. Hannun yana nan. Ido ne ya tafi. A ɗakin can akwai mata takwas da suke ara mata nasu kullum, ita ba ta roƙa ba, su ba su faɗa ba. Babur rufi yake so da sarƙa, akwai su a baya. Wannan kuwa babu inda za a same shi sai a ɗakin nan. Na gama."

Ƙulli biyu. Ta datse.

A gaban mutane. A gaban Makanike, da Shugaba, da matan hawa na biyar masu baki. Ta ɗauki abin da Kaka ta ɓoye shekara biyu a ƙarƙashin harshe ta shanya shi a farfajiya kamar wanki. Mara kunya. Yau sai ta… sai ta me? Rana ce ta yi yawa, ko? Rana. A ɗaki ma rana ce? Da safe, da yamma, fuskar kowa kamar an shafa mata man shafawa a gilashi — duk rana ce?

Allurai biyar. Kowace safiya in ta zauna a kujerarta ta bakin taga, allurai biyar a matashiya, kowace da zarenta. Ta ce wa kanta jiya ta bar su haka. Kullum jiya. Wace jiya ce ta taɓa zura zare biyar? Sai Uwar Tagwaye: ba ni aron allurar nan taki, tawa ta yi tsatsa. Ta karɓa, ta juya baya, ta dawo da ita. Kullum allurarta na tsatsa, matar da ke goge kekenta sau biyu a rana. Sai mai keken ƙarshe: Mai Maɓalli, ga baƙin zaren nan kusa da ke, miƙo min shuɗin da ke hagunki. Tana faɗa mata launi ne. Duk suna faɗa mata launi, da sunan aike. Ita kuwa tana zaune tana yi musu faɗan kalmasa, tana cewa matan yanzu ba su iya aiki ba…

Hannu ya sauka a gwiwarta. Mai kaushi, mai ɗumi. Uwar Tagwaye ce, tana jan hanci.

Kunya ce wannan ko mene ne? Tana neman fushin, ta san inda take ajiye shi, ta laluba — babu. Abin da ke wurin wani abu ne daban, mai nauyi, ya tokare ƙirji. Maɓallin nan ne yarinyar ta ajiye ƙarshe. Ja'irar ta san shi ne mafi nauyi, ta san in ta fara da shi kuka za a yi ba shawara ba, sai ta bi daga ƙasa, ɗaya, biyu, uku, ta daidaita komai, sannan ta zo wuya. Da ta fara daga sama da rigar ta karkace. Wa ya koya mata? Direba, kana ji? Minti uku. Ta tashi daga tasha ta isa tasha, fasinja ɗaya ta ɗauka, kuma ni ce.

"Masu son ɗaki ya zauna na ɗinki, a gyara baya don babura, hannu sama."

Kujeru suna motsi. Riguna suna ƙara. Wani abu yana tashi a ko'ina, dogaye-dogaye, kamar… ba ta san ko hannuwa ne ko inuwar ƙarafan baranda ba. Mutum arba'in ne a nan, ko fiye. Nawa ake buƙata? Shugaba yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, sha huɗu, sha biyar… ya tsaya.

"Makanike, hannun nan a sama yake ko kai kake sosawa?"

Dariya. Ba ta ji amsar ba.

Farar riga ta iso, ta durƙusa a gabanta. Ƙamshin sabulun kanti, da gumi. Yanzu ne take rawa, ga shi, duk jikinta yana kaɗawa kamar keken da aka sake wa ƙafa. Ashe tsoro na nan tun farko, a maɓalli ta ɗaure shi.

"Kaka…"

"Yi min shiru. Ko karyawa ba ki yi ba."

Yatsu sun tafi da kansu, sun sami wuyan rigar. Ga shi. Soka shida, naɗi uku. Daram. Aiki mai kyau ne, a faɗi gaskiya, ko da wane launi ne. Gobe za ta warware shi ta sa fari. Gobe, in an buɗe… in ba a buɗe ba kuma? Wa zai zura? Sai ta buɗe baki ta ce wa mutum — ita, Mai Maɓalli — ta ce…

Sha takwas. Sha tara. Shugaba ya koma baya, wai wani ya sauke, a sake. Hannuwa suna can sama, a cikin hasken nan da ba rana ba ne, ta ƙura ido har ya kawo ruwa, ba ta ga komai ba sai fari-fari. Ta gaji. Shekara biyu tana ƙura ido, ta gaji.

Ta juya wajen hannun da ke kan gwiwarta. Maganar ta tsaya a wuya, ta ƙi shiga raminta. Ta sake turawa.

"Uwar Tagwaye… duba min. Hannu nawa ne?"